Na Karya Diddige a Gardaya

Sunana Hamisu. Ƙauyenmu yana gabas da Ɗanbatta, cikin irin garuruwan nan da gonar wannan ke jingine da dangar wancan, babu tafin ƙasar da ba shi da mai shi. Gonar da mahaifinmu ya bari ni da yayana Sale muke nomawa, kuma ko a shekarar albarka da ƙyar take kai gidajenmu ga wata damina. Da shekarun nan masu wuya suka zo, taki ya gagari talaka, gyaɗa ta yi ta ba mu kunya, sai muka zauna muka yanke cewa ɗaya ya tsaya, ɗaya ya fita nema. Yaya Sale ya fi ni sanin ƙasa, ni kuma na taɓa leburanci a wurin magina a Kano. Ni na fita. Na bar matata Rabi da yarana a hannunsa da hannun Inna, mahaifiyarmu.

A Agadas na haɗu da Ilu, mutumin Matamai, wanda ya girme ni da kaɗan kuma wannan ba ita ce fitarsa ta farko ba. A tsakar gidan da ake tara matafiya ya gan ni ina ƙoƙarin ɗaure jarkar ruwana da igiya, ya karɓa ya naɗe ta da buhu ya jiƙa buhun.

"Haka ake yi, Bakano," in ji shi. "In ba haka ba shayi za ka sha a hanya, ba ruwa ba."

Tun daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba.

Mun hau bayan wata buɗaɗɗiyar mota, ƙafafunmu suna lilo a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa tsakanin cinyoyi don kada ya faɗo. Direban ya yi alkawarin zai kai mu har bakin gari a ƙasar Aljeriya. Wata safiya sai ya tsaya a tsakiyar fili, ya nuna mana wani tudu, ya ce garin yana bayansa, shi ba zai iya ƙarasawa ba saboda masu tsaron iyaka. Muka sauka, ya juya. Da muka hau tudun babu komai a bayansa sai wani tudun. Mun yi ta tafiya har rana ta karkata, wasu suka fara zubar da kayansu. Wata tsohuwar Buzuwa da ke kiwon awaki ce ta hango mu. Ba ta jin Hausa, mu ba ma jin yarenta. Ta tatso nono a ƙwarya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kurɓa, sannan ta kama kafaɗar Ilu ta juya shi ta nuna masa wata kusurwar dabam da wadda muka dosa. Da mun ci gaba yadda muka nufa, ban san inda za a tsince mu ba.

A Tamanrasat mun zauna 'yan watanni. Da sassafe ake fita a jeru a bakin titi, mai neman lebura ya zo a mota ya nuna wanda ya ga ya fi ƙwari. A nan na koyi Larabcin aiki: kawo, ɗauka, sauri, gobe. Wannan "gobe" ita na fi ji a bakin masu ba da aiki. Kewar gida kuwa ba ta zuwa lokacin da mutum yake zato. Sai ina tsakiyar kwaɓa siminti in ji ƙanshin daddawa a hancina, alhali babu mai daddawa a duk unguwar. Ilu yana da 'yar kukar da ya ɓoye a leda, ranar Juma'a kawai yake fito da ita, mu tuƙa garin alkama a maimakon tuwo mu ci muna yi wa juna ƙaryar cewa ya yi daɗi.

Da aiki ya yi wuya sai muka ƙara gaba zuwa Gardaya, garin da gidajensa suka hau kan juna a jikin tudu, dabino ya cika kwarin da ke ƙasa. Wani mai kwangila ya ɗauke mu aikin bene. A cikin ginin muke kwana, mu da wasu 'yan Nijar da 'yan Mali, mun toshe tagogi da buhunan siminti saboda sanyi. Aikin yana tafiya, har na fara aika wa gida ɗan abin da ya samu.

Ranar da abin ya faru ina kan katakon da aka gitta a hawa na biyu, ina miƙa bulo. Na ji katakon ya yi ƙara sau ɗaya, ban kai ga ɗaga ƙafa ba ya rabe. A tsaye na dira. Har na ce a raina na tsira, tunda kaina bai bugu ba. Da na yi yunƙurin takawa sai na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi daga diddigen dama har cikin ƙwaƙwalwa, na zube.

Mai kwangilar ya zo ya tsaya a kaina yana magana da sauri. Ilu ya fassara mini: za a kai ni asibiti, amma in aka tambaye ni in ce daga kan dabino na faɗo, kada in ambaci gini. Ya sa mu a motarsa, ya sauke mu nesa kaɗan da ƙofar asibitin, ya tafi. Ilu ne ya goya ni ya shiga da ni.

Da aka ɗauki hoton ƙafar aka kwantar da ni a ɗakin maza masu karaya. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, tafin ya yi baƙi-baƙi kamar an shafa shuni. Ilu ya raɗa mini cewa akwai wani mutumin Tasawa a bayan kasuwa mai ɗori, in na yarda ya sace ni ya kai ni. Ina cikin tunanin haka sai na ji murya daga gadon da ke kusa da nawa.

"Ɗana, kai mutumin ina ne?"

Na juya. Wani tsohon Buzu ne, dogo, ramamme, rawaninsa a naɗe ko a kan gado, an ɗaure cinyarsa da ƙarafa. Na ce masa Kano.

"Kano wace? Cikin birni ko ƙauye?"

Na ce Ɗanbatta. Ya yi murmushi ya ce ya sha kwana a Ɗanbatta da raƙuma, zamanin da yake kai kanwa da dabino kasuwar Kurmi ya sayo turkuɗi da goro. Sunansa Gumar. Hausarsa irin ta Agadas ce, mai nauyi, amma babu abin da ba ya iya faɗa da ita.

"Ka bar zancen ɗori," in ji shi. "Mai ɗori yana haɗa sanda da ta karye biyu. Na hango hotonka lokacin da suka ɗaga shi. Naka ba karyewa ya yi ba, niƙewa ya yi."

Likitar da ta zo mace ce, ba ta da tsayi, ana kiranta Likita Samira. Da ta ga muna magana da tsohon sai ta roƙe shi ya yi mana tafinta. Ta tambayi yadda na faɗo. Na ce daga kan dabino. Ta kama hannuna ta juya shi, ta dubi simintin da ya bushe a ƙarƙashin farcena, ta faɗi wata magana. Baba Gumar ya yi dariya har ya dafe cikinsa.

"Ta ce dabinon garin nan bai fara 'ya'yan siminti ba tukuna. Ta ce ba ruwanta da wanda ya sa ka faɗi haka, tsawon wurin kawai take son sani, don ta duba bayanka."

Na faɗa mata gaskiya. Ta danna ƙashin bayana daga sama har ƙasa, ta ce Allah ya taimake ni, don masu dira a tsaye sau da yawa har baya suke karyawa. Ba ta tambaye ni takardar zama ba, ranar ko bayanta.

Ta ɗaga hoton ta nuna mini. Ta ce ƙashin diddige kamar ƙwai yake, bayansa da tauri, cikinsa da taushi, nauyin jikina ya sauka a kansa ya murƙushe shi ya baje. Sai an yanka an ɗago gutsattsarin an jera su, a riƙe su da ƙarfe da kusoshi. Amma ba yanzu ba. In aka yanka fata tana kumbure haka, ɗinkin ba zai kama ba, ruɓewa zai yi. Sai an jira. Aka ɗora ƙafar a kan matasai ta fi ƙirjina tudu, aka hana ni sauke ta. Kullum da safe sai ta zo ta matse fatar gefen idon sawuna da yatsu biyu ta saki.

"Me take nema, Baba?"

"Tamoji. Ranar da fatarka ta yi tamoji irin tawa, ranar za a yi maka aiki."

A kwanakin jiran nan na san shi. 'Yarsa takan kawo masa abinci da rana, tun kwana na biyu ta fara zuwa da kwano biyu ba tare da kowa ya ce mata ba. Shi ba ya cin kirki, ya taɓa loma kaɗan ya turo mini sauran. Ya yi ta tambayata Kano: ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, ko furar Ɗanbatta tana nan da yajinta. In na ba shi amsa sai ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu.

Kafin tiyata sai an auna jini, aka ɗebi nawa. Washegari Likita Samira ta zo, maimakon ta tsaya a ƙarshen gado yadda ta saba sai ta jawo kujera ta zauna tsakanina da Baba Gumar. Ta yi magana a hankali, tana tsayawa yana fassarawa.

Ta ce akwai wani sinadari da ke yawo a jinin kowa, nawa ya hau sosai. Wurare biyu ne ke zubo shi cikin jini: ƙashi idan yana gyaran kansa, da hanta idan tana cikin wahala. Mai sabuwar karaya in nasa ya ɗan hau ba abin mamaki ba ne. Amma nawa ya hau da wuri, kuma ya wuce abin da take tsammani daga ƙashi. Saboda haka ta sa an auna wani sinadarin dabam wanda ƙashi ba ya fitar da shi, hanta ce kawai. Shi ma ya hau.

Na lura Baba Gumar ya daina kallona, bango yake kallo yana fassarar. Muryarsa ba ta canza ba, sai dai ya rage sauri.

"Tana tambaya, a danginku akwai wanda ya rasu cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa?"

Na ce kawunnaina biyu, ƙannen Inna, kuma dukkansu ba su tsufa ba. Na farko an ce shawara ce ta yi masa yawa. Na biyu an ce sammu ne, saboda rigimar gona.

"Tana tambaya me kuke nomawa."

Na ce gero da dawa da gyaɗa.

"Gyaɗar da ta yi hunhuna a rumbu, yaya kuke yi da ita?"

Na ce mai kyau ita ake kaiwa kasuwa. Wadda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci ita ake bari a gida, a yi ƙuli da ita, a sa a miya. Wa zai zubar da gyaɗa a irin shekarun nan?

Likitar ta jinjina kai. Ta ce an samu ƙwayar ciwon hanta a jinina, irin wadda kan zauna a jikin mutum tun yana jariri ba tare da ya sani ba, tana cin hantar a hankali. Hunhunar gyaɗa kuma tana da dafin da ke ƙara wa hanta rauni, in suka haɗu su biyun sukan kai mutum ga ciwon daji. Ba ta ce ina da shi ba. Ta ce akwai awo na uku, na wani abu da ƙarin daji ke saki a jini tun yana ƙarami, kafin mutum ya ji komai a jikinsa. Ba a yin sa a nan, sai an aika jinin babban gari. Za kuma a duba cikina da na'ura.

Da ta fita na ce, "Baba, ni da na zo da ƙafa, me ya kawo zancen hanta? Ni ban taɓa jin ciwo a cikina ba."

Ya gyara kwanciya. Sannan ya yaye bargonsa ya nuna mini cikinsa. Duk ramar da ya yi, cikin a kumbure yake, fatar tana ƙyalli.

"Ka ga cinyar nan tawa? Ba faɗuwa na yi ba. Tashi na yi daga kan buzun salla, ta karye. Ciwon daga hanta ya taso, ya bi jini ya shiga ƙashi ya cinye shi. Duk maganar da na faɗa maka yau, an faɗa mini ita a ɗakin nan, da tambayoyin duka. Bambancin kawai, ni da aka auna na ukun, an samu ya yi nisa." Ya mayar da bargon. "Ni ma ban taɓa jin ciwo ba, ɗana, sai da ya gama aikinsa. Kai kuwa katako ya kawo ka da wuri. Kada ka zagi katakon nan."

Fatar ta yi tamoji kafin sakamakon ya dawo. Aka duba aka ga jinina yana daskarewa yadda ya kamata, aka shiga da ni. Allura aka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ina jin ƙarar abin da suke ɗaura kusoshi da shi kamar a wurin kafinta. Da aka dawo da ni ɗaki na tarar Baba Gumar ya sa an juya gadonsa yana fuskantar ƙofa, carbinsa a hannu.

Kwanakin da suka biyo baya zafin ƙafar bai dame ni kamar jiran ba. In na rufe ido sai in ga Kawu Bala, ɗaya daga cikin ƙannen Inna da suka rasu, a kan tabarma a zaure, cikinsa kamar tulu, ana ba shi jiƙo. In tuna yarana, babban bai isa riƙe fartanya ba. Baba Gumar bai taɓa ce mini kada in damu ba. In ya ga na yi shiru da yawa sai ya ce in ba shi labarin yadda ake cirar gyaɗa, ko ya hau gardama da ni cewa raƙumi ya fi shanu hankali.

Ranar da sakamakon ya zo, a tsaye Likita Samira ta yi maganar, hannunta a aljihu. Na kalli bakin Baba Gumar.

"Ta ce awon na uku bai hau ba. Na'ura ma ba ta ga ƙari ba. Hantar ta yi kaushi, ta ji jiki, amma babu daji."

Ya faɗi haka, ya ɗaga hannuwansa biyu ya yi hamdala, ya shafa a fuska. Na ga hawaye yana bin tamojin kumatunsa yana shiga rawani. Ni ban yi kuka ba sai da na ga nasa.

Likitar ta ce kada in ɗauka an gama. Akwai ƙwayar magani da zan riƙa sha kullum don ta danne cutar, kuma sau biyu a shekara in je a auna jinin nan a duba cikin, ko ina jin lafiya ko ba na ji. Ta ce duk wanda muka fito ciki ɗaya da shi, da matata, da 'ya'yana, a auna su. Wanda ba shi da ita akwai rigakafi. Jariri kuma a yi masa allurar a ranar da aka haife shi, kada a kwana.

Ba a daɗe ba 'ya'yan Baba Gumar maza suka zo daga kudu. Ya ce musu ya gaji da kallon silin, a mayar da shi inda zai ga sarari. Likitoci ba su hana ba. Da aka ɗora shi a keken marasa lafiya ya sa aka matso da shi jikin gadona, ya kama hannuna.

"In ka koma, ka gaida mini Ɗanbatta. Ka yi abin da matar nan ta ce, kada ka tsaya jin kunyar kowa."

Na ce, "Baba, ka yafe mini wahalar da na ba ka."

"Wace wahala? Shekara nawa ban samu wanda zan yi Hausa da shi ba."

Ban sake jin labarinsa ba. Ban ma san sunan garin da aka kai shi ba.

Da aka sallame ni an ce wata uku kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Na koma ginin da muke kwana da sandunan guragu. Mai kwangilar in ya hango ni sai ya kau da kai kamar bai taɓa ganina ba, amma bai kore ni ba, wataƙila yana tsoron bakina. Ilu da sauran suka ɗauke mini komai. Ni kuma na karɓi girki, ina zaune a kan bulo ƙafata a miƙe a kan wani bulon, in sun tashi aiki su tarar da abinci. Wani ɗan Mali da ba ma jin maganar juna shi ke ɗebo mini ruwan alwala kullum, bai taɓa fashi ba.

Ban gaya wa gida zancen hanta ba, na ce sai na je da kaina. Wata Juma'a na kira Yaya Sale a wayar Ilu. Bayan gaisuwa na ce na ji muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba komai, gajiya ce. Kwana biyun nan abinci ne ba ya shiga, sai in ji gefen damana ya yi nauyi kamar na haɗiyi dutse. Basir ne, Inna ta haɗa mini jiƙo. Kai dai ka kula da ƙafarka."

Na riƙe wayar bayan ya kashe, na kasa miƙa wa Ilu. Na gaya masa gida zan tafi.

"Da wace ƙafar, Bakano? Ko wata biyu ba ka cika ba."

Na ba shi labarin duka. Bai ƙara gardama ba. Ya yi ta yawo har ya samo wani direban babbar mota mai kai taliya da dabino kudu, ya roƙe shi ya sa ni a gaba. Shi ya ɗaga ni ya ɗora a kujerar, ya cusa mini ragowar kukarsa a aljihu, ya ce in kai wa Kanawa su ji yadda ta ƙwarai take. Hanyar dawowa ta fi ta zuwa tsawo, ƙafar tana kumbura da rana tana saɓewa da safe, amma ba wanda ya yaudare ni a cikinta. Mutane suna ganin sanduna sai su matsa.

Na iso gida ana shirin shuka. Yaya Sale ya fito tarona, na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan kwana biyu na tara su a ɗakin Inna na faɗi abin da ke tafe da ni. Yaya ya ce asibiti sai mai ciwo, shi ga gona tana jiransa. Na ce ni ma da na shiga ban san ina da ciwo ba. Na ce in bai je ba, ni ma na daina shan maganina. Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba.

Muka cika mota ɗaya zuwa Kano. Rabi ba ta da cutar, yarana ma haka, aka fara musu rigakafi. Inna tana da ita. Matar Yaya, Hadiza, wadda ke da ciki a lokacin, ba ta da ita. Yaya Sale yana da ita, kuma awon nan na uku, wanda nawa bai hau ba, nasa ya hau ƙwarai. Na'ura ta nuna ƙarin ya cinye fiye da rabin hantar. Likitan ya yi mana bayani da Hausa, ba a buƙaci tafinta ba, ni kuwa na ji da ma akwai wanda zai tsaya tsakanina da maganar.

A mota muna dawowa, mun wuce Ungogo, Yaya ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "To, bana kai za ka riƙe shanun huɗa da gurguwar ƙafarka, ni in bi ka da iri. Gonar ba ta san an je asibiti ba."

Haka aka yi. Ya yi shuka, ya ga noman farko, na biyu yana zaune a gindin ɗorawa yana nuna mini inda na bari. Gyaɗar da muka cire a shekarar shi ya sa aka baza ta a rana har ta bushe ƙarau, ya zauna da kansa yana tsince masu baƙi yana jefawa a wuta. Ya rasu bayan an gama kai amfani gida.

Ni ina nan. Diddigen ya kama, sai dai ya fi ɗayan faɗi, takalmi ba ya shiga sai na fata da aka ɗinka mini, kuma in na taka kunya a karkace sai na tsaya na huta. Ina shan maganina, ina zuwa awo.

Inna ba ta yi zancen sakamakonta da kowa ba har aka yi sadakar arba'in. Wata rana da hantsi ina gyaran igiyar shanu a tsakar gida sai ta zo ta zauna a kan turmi kusa da ni.

"Hamisu, likitar can ta ce daga ni kuka samu?"

Na ce, "Ta ce ba a iya sani, Inna. Zai yiwu wurin haihuwa, zai yiwu askar wanzami ce da aka yi wa yara da yawa da ita. Ke ma wani wurin kika samu, ba ki sani ba."

Ta murza bakin zaninta. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Hadiza ta haihu bayan sati kaɗan, namiji, da safe. A garinmu jariri ba ya fita ƙofar gida kafin suna, kuma Inna ce kan fi kowa tsanani a kan haka, ta sha korar surukai da suka yi gigin leƙa da jariri zaure. Ina zaune ina tunanin yadda zan ɓullo mata da zancen kai shi asibiti allurar rigakafi, sai na ga ta fito daga ɗakin mai jego da mayafinta, ta naɗe yaron a zani ta rungume shi a ƙirji. Matan da suka zo barka suka bi ta da kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Ina za ki da ɗan da ko cibiyarsa ba ta bushe ba?"

Inna ba ta ko juya ba. Ta dube ni ta ce, "Tashi ka samo mana mai babur. Ai kai ka ce ba a kwana."